Ilimi da Sa'ada: Darasi Daga Rayuwar Shehu Abdulƙadir Ɗan Tafa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya girmama ɗan Adam da hankali, ya aiko masa da manzanni don kada hankalin ya ɓata hanya. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka:

Duk wanda ya tsaya bakin gadar Kenedi a Yamai da safiyar Litinin, zai ga samari da ƴan mata suna tsallako kogin Isa daga Haro Banda, inda Jami'ar Abdu Mumuni take, suna hawowa unguwar Filato. Wasu a faba-faba, wasu a kabu-kabu, wasu a ƙasa, kowa da dosiyensa a hammata. A Filato ne fadar shugaban ƙasa take, da ofisoshin ministoci da manyan ma'aikatu. Kowane ɗayansu ya sa a ransa cewa in takardarsa ta samu shiga, in sunansa ya fito a kwankur, to wahala ta ƙare. Amma in aka zauna bayan la'asar da wanda ya shekara goma a cikin biron nan da suke nema, sai a ji shi ma yana da tasa gadar da bai tsallaka ba: ƙarin girma, fili, mota, kuɗin makarantar yara. Na waje yana ganin daɗi yana ciki, na ciki yana hango shi a hawa na sama.

Waɗannan matasa duk sun taɓa haɗuwa da tambayar a takarda. Ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe na lise a Nijar sai ya yi darasin falsafa, wanda ƴan makaranta ke kira filo, kuma cikin abubuwan da ake tattaunawa a ciki har da gaskiya, da ƴanci, da ma'anar jin daɗin rayuwa. Almajirin ɗariƙa yakan fito daga wannan aji da damuwa biyu. Ta farko: shin wannan karatu ba zai taɓa imaninsa ba, tunda ya ji ana cewa filo ƙofar kafirci ce? Ta biyu: in ilimi haske ne kamar yadda ake faɗa, me ya sa masu difloma da yawa ba su da kwanciyar hankali? Wannan darasi zai duba damuwoyin nan biyu ta hanyar rayuwar wani bawan Allah na ƙasar Hausa, wanda ya karanta falsafa har ya yi rubutu a kanta, kuma ya rayu ya rasu yana sufi Baƙadire.

WANE NE ƊAN TAFA?

Sunansa Abdulƙadir ɗan Mustafa, aka fi saninsa da Ɗan Tafa, saboda mahaifinsa ana kiransa Malam Tafa. An haife shi a shekarar 1804, shekarar da Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo (Allah ya ƙara masa yarda) ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Mahaifiyarsa ita ce Nana Khadija ƴar Shehu, malama ce ita ma. Ke nan Shehu kakansa ne, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kawunsa ne, Nana Asma'u kuma ƴar'uwar mahaifiyarsa ce. Ya yi karatun farko a gaban mahaifinsa, sannan ya sha ilimin tasawwufi mai zurfi a wajen kawunsa Muhammadu Sambo ɗan Shehu, wanda ya shahara da zuhudu da walittaka. Ya zauna a Salame, arewa da Sakkwato ta wajen Gwadabawa, inda gidansu ke da makaranta, ya ci gaba da karantarwa bayan mahaifinsa. Ya rasu a shekarar 1864.

A shekarar 1853 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ratsa ƙasar Sakkwato, ya gana da shi, ya kuma rubuta cewa shi ne mafi ilimi cikin mutanen Sakkwato na wannan zamani. Daga nan Barth ya yi yamma, ya tsallake kogi a Say cikin watan Yuni na shekarar. A lokacin Say ce garin malamai da fatake a wannan yanki, Yamai kuwa ƙauye ce. Sai a 1926 aka maido da babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa cikinta. Ke nan tun babu ko tubali ɗaya na ofisoshin Filato, akwai malami a ƙasar Hausa da ke zaune kan buzu yana warware maganganun masana falsafa.

Ya bar littattafai masu yawa. A tarihi yana da Raudatul Afkar, inda ya kawo labarin ƙasar Hausa da sarakunan Gobir. A falsafa yana da Futuhatur Rabbaniyya, inda ya bi maganganun masu cewa babu komai sai abin da ake taɓawa, da masu jingina komai ga ɗabi'a, ya auna su a kan mas'alar ruhi da ƙarewar duniya da yanayin sammai. Yana da Kulliyatul Alamis Sitta a kan tushen halittu. Ya yi bayanin wurare masu wuya na littafin Insanul Kamil na Shehu Abdulkarim Jili. Sannan yana da Al-Uhud wal Mawasiƙ, wato alkawuran da ya ɗaukar wa kansa tsakaninsa da Ubangijinsa. Wannan na ƙarshe shi ne mabuɗin darasin nan.

RARIYA KAFIN TUKUNYA

Cikin alkawuran da Ɗan Tafa ya rubuta akwai uku da suka shafi ɗalibin yau kai tsaye. Na farko, ya yi alkawarin gina aƙidarsa a kan ayoyin Alƙur'ani, ba a kan hujjojin hankali ko muhawarar malaman kalamu ba. Na biyu, ya yi alkawarin yin tunani mai zurfi a kan halittu da yadda Allah ya tsara su. Na uku, ya yi alkawarin ba zai kira jama'a zuwa ga ilmukan falsafa da ya samu ba, duk da cewa shi ya ɗauke su ta hanya mai kyau, ya zubar da kuskuren da ke cikinsu.

A lura da jerin. Tushe ya fara kafawa, sannan ya saki hankalinsa ya yi kiwo, sannan ya san wanda zai ba wa abin da ya samo da wanda ba zai ba ba. Mai gida da ya kafa turke mai ƙarfi ba ya jin tsoron tsawaita igiya. Wanda bai kafa turke ba kuwa, ko ya ɗaure dabbar a ɗaki ta rame, ko ya sake ta ta ɓace.

Wannan hanya ba shi ya fare ta ba. Hujjatul Islam Imam Gazali, wanda malaman Sakkwato suka yawaita kafa hujja da maganarsa, ya riga shi da fiye da shekara 700. An haifi Gazali a Ɗus, ƙasar Farisa, a 1058, ya rasu a can a 1111. Ya zauna ya karanci falsafa da kansa har ya gane ta, sannan ya rarraba ilmukan masu ita gida shida: lissafi, manɗiƙi, ilimin ɗabi'a, ilahiyyat, siyasa da ɗabi'u. Ya ce lissafi da manɗiƙi babu ruwansu da inkarin addini. Mafi yawan kuskurensu a ilahiyyat yake, kuma a littafinsa Tahafutul Falasifa ya yi musu raddi a mas'aloli 20. Uku daga ciki ya ce sun fita daga Musulunci: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da cewa ba za a tashi jikuna ba ranar ƙiyama.

Sannan ya yi gargaɗi a kan mutum biyu. Ɗaya shi ne wanda ya ga ƙwarewarsu a lissafi, ya ɗauka duk abin da suka faɗa game da Allah ma haka yake da ƙarfi, ya bi su ido rufe. Na biyu shi ne masoyin addini marar sani, wanda ke ganin taimakon Musulunci shi ne ƙaryata duk abin da ya fito daga bakinsu, har da lissafin husufin rana da wata. Wannan na biyu ɓarnarsa ba ƙarama ba ce, domin wanda ya tabbatar da lissafin da idonsa zai ɗauka addinin ne aka gina kan jahilci. Mutanen nan biyu har yau suna nan, a aji ɗaya ma suke zama. Ɗaya ya karanta shafi goma na wani Bature ya daina salla. Ɗaya ya toshe kunnensa ya faɗi jarrabawa yana ganin jihadi ya yi. Mace mai hikima ba ta zubar da gari don akwai tsakuwa a ciki, ba ta kuma tuƙa shi haka nan. Rariya take ɗaukowa.

MENE NE SA'ADA?

Bahaushe yana da kalmomi da dama a nan, kuma bambancinsu darasi ne. Akwai jin daɗi, wanda na jiki ne: ruwan sanyi a zafin watan Afrilu na Yamai. Da ƙishirwa ta tafi, kofi na uku ya zama nauyi. Akwai farin ciki, wanda labari ke kawowa: suna ya fito a sakamakon bak, gida ya cika da guɗa. Bayan sati biyu sai tunanin kuɗin rajista ya maye gurbinsa. Akwai kwanciyar hankali, wadda takan zo in albashi ya shigo ko yaro ya warke, ta kuma tashi in wata ya yi nisa. Dukkan ukun nan ni'imomin Allah ne, ba a raina su. Amma duk daga waje suke shigowa, kuma abin da ya shigo ta ƙofa yana iya fita ta ƙofar.

Sai kuma wadatar zuci, wadda malaman tasawwufi ke kira ɗuma'anina, wato natsuwa. Ita daga ciki take tsirowa. In ta haɗu da kyakkyawan ƙarshe, ita ce sa'ada, kishiyar shaƙawa. A Suratu Hudu Allah ya raba mutanen ranar ƙiyama gida biyu da waɗannan sunaye, a Suratur Ra'adi kuma ya nuna cewa natsuwar zukata tana cikin ambatonsa.

Masana falsafa sun yi nisa a wannan bincike, kuma adalci ne a faɗi inda suka dace. Arisɗo na Yunan ya gane cewa dukiya da mulki da yabo ba su ne ƙarshen nema ba, domin ana neman su ne don wani abu daban, sa'ada kuwa don kanta ake nemanta. Ya ce tana cikin mutum ya yi aikin da ya keɓanta da shi a matsayinsa na mai hankali, ya yi shi da nagarta. Farabi, wanda ya rasu a 950, ya rubuta littafi guda a kan samun sa'ada, Ibn Miskawaihi kuma ya rubuta Tahzibul Akhlaƙ a kan gyaran hali. Sun yarda cewa cikin mutum ake nemanta. Inda suka gaza shi ne sun sa ƙololuwarta a tunanin hankali tsantsa, wanda sai mai hutu da littattafai ke iya kaiwa. In haka ne, tsohuwa mai suyar ƙosai a bakin titi ba ta da rabo ke nan, alhali kowa ya san irin waɗannan tsofaffi da fuskarsu ke da hasken da babu shi a fuskar masu digiri uku.

Gazali ya ɗauki abin da suka dace a kai ya kai shi gida. A Ihya'u Ulumid Din da kuma Kimiya'us Sa'ada, wanda ya rubuta da Farisanci, ya bayyana cewa daɗin kowace gaɓa yana cikin abin da aka halicce ta dominsa. Ido da gani, kunne da ji, zuciya kuwa da sani. Kuma daɗin sani yana ƙaruwa gwargwadon girman abin da aka sani. Wannan kowa na iya gwada shi a fadar shayi ta unguwa: wanda ya zo da labarin maƙwabci ana saurarensa da kunne ɗaya, wanda ya zo da labarin abin da aka tattauna a fadar shugaban ƙasa kuwa har mai dafa shayin sai ya ajiye buta. To ina ga sanin Wanda ya halicci masu mulki da waɗanda ake mulka? Sannan duk daɗin da ya rataya ga jiki yana ƙarewa a bakin kabari, ma'arifa kuwa wurinta zuciya ne, ita kuma ba ta mutuwa da mutuwar jiki. Wannan ƙofa a buɗe take ga mai suyar ƙosai da shehin malami baki ɗaya, domin mabuɗinta tsarkin zuciya ne.

HALIN ƊAN ADAM

Me ya sa abin da ke kusa haka ya yi wa mutane nisa? Amsar tana cikin yadda aka gina mutum. Malaman haƙiƙa, cikinsu har da Jili wanda Ɗan Tafa ya yi wa littafinsa hidima, suna kallon mutum a matsayin ƙaramar duniya: duk abin da aka shimfiɗa a halitta an dunƙule misalinsa a cikinsa. Yana da rabo daga ƙasa, yana da rabo daga ruhi. Yana ci kamar dabba, yana fushi kamar zaki, yana iya makirci kamar shaiɗan, yana kuma iya tasbihi kamar mala'ika. Cikar wannan halitta gaba ɗaya a wurin mutum ɗaya ta tabbata, shi ne Manzon Allah (S.A.W), sauran bayi kowa yana samun rabonsa gwargwadon bin sa.

Gazali ya kwatanta jiki da ƙasa mai sarauta. Zuciya ce sarki, hankali waziri, sha'awa mai karɓar haraji, fushi kuma shugaban dogarai. Ƙasa ba ta zama sai da mai haraji da dogari, don haka ba a ce a kashe su ba. Abin da ake so shi ne su zauna ƙarƙashin sarki, sarki kuma ya riƙa jin shawarar waziri. Mutumin Yamai ba ya bukatar dogon sharhi a nan, domin kowane ɗan Adam yana da tasa Filato a cikin ƙirjinsa. Tambayar ita ce wa ke zaune a kan kujera. In mai karɓar haraji ne ya hau, to waziri zai koma yaronsa, aikinsa kullum nemo masa dabarar ƙarin kuɗin shiga.

A nan ne amsar damuwa ta biyu take. Mai difloma da ba shi da natsuwa ba iliminsa ne ya cuce shi ba. Wazirinsa ƙwararre ne, sai dai yana yi wa wanda bai cancanta ba aiki. Duk ƙarin ilimin da ya samu sai ya zama ƙarin dabara a hannun sha'awa, ita kuwa ba ta taɓa cewa ya isa. Shi ya sa Alƙur'ani ya ambaci rai da siffofi uku: mai yawan umarni da mummuna a Suratu Yusufa, mai yawan zargin kanta a Suratul Ƙiyama, da mai natsuwa a Suratul Fajri. Tarbiyyar ɗariƙa gaba ɗayanta tafiya ce daga ta farko zuwa ta uku. Wanda ya fara jin zafin laifinsa kada ya yanke ƙauna, alama ce ya bar zangon farko.

SANI HAWA-HAWA NE

Gazali bai faɗi wannan daga littafi kawai ba, a jikinsa ya gani. A 1091 aka naɗa shi babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai kimanin 300 suna zama gabansa, sarakuna suna neman fatawarsa. Babu kujerar ilimi da ta fi wannan a zamaninsa. Amma da ya binciki niyyarsa, kamar yadda ya ba da labari a Al-Munƙizu minad Dalal, sai ya tarar neman suna da matsayi ne ke tura shi. Ya yi kusan wata shida yana kai da komo tsakanin tafiya da zama, har harshensa ya ƙulle ya kasa ba da darasi, abinci ya daina narkewa a cikinsa, likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake. A 1095 ya bar Bagadaza ya tafi Dimashƙa, daga nan Baitul Maƙdis, sannan Makka da Madina. Ya fi shekara goma a keɓe yana gyaran zuciyarsa.

Abin da ya gano shi ne akwai bambanci tsakanin sanin ma'anar lafiya da kasancewa lafiyayye. Likita marar lafiya ya san ma'anar, amma ba shi da ita. Sufaye suna kiran wannan zauƙi, wato ɗanɗano, kuma suna raba yaƙini hawa uku da sunayen da suka zo a Alƙur'ani: ilmul yaƙin, ainul yaƙin da haƙƙul yaƙin. Misalinsa yaro ne a Agadas da ya karanta a lakwal cewa akwai kogi a Yamai, ya haddace tsawonsa da ƙasashen da ya ratsa, ya ci jarrabawa a kai. Wannan ilmul yaƙin ne. Ranar da ya zo jami'a ya tsaya kan gada ya ga ruwan da idonsa, ya hau ainul yaƙin. Gani ya kori ji. Amma Basarken da ke kwana a jirgi, wanda ya san sanyin ruwan a fatarsa, ya san inda yake da zurfi da inda dorina take, shi ke da haƙƙul yaƙin, ko da bai iya rubuta sunan kogin ba.

Falsafa, in ta yi kyau ƙwarai, tana kai mutum hawa na farko: ta tabbatar masa da hujja cewa wannan tsari yana da Mai tsarawa, cewa dukiya ba ta cika zuciya. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Sai dai haddace tsawon kogi bai taɓa kashe wa kowa ƙishirwa ba. Hawa na biyu da na uku ana samun su ne da tsayar da farilla, da lazimtar wuridi, da zama gaban shehi mai tarbiyya, da yaƙi da son zuciya. Shi ya sa Ɗan Tafa bai tsaya ga littafi ba, ya durƙusa gaban kawunsa Sambo.

TO A BAR NEMAN AIKI KE NAN?

Wani ɗan'uwa zai ce: wannan magana mai daɗi ce, amma mahaifiyarsa tana ƙauye ta sayar da awakinta ta biya masa karatu, ƙannensa shi suke kallo. A ce masa ya bar zuwa Filato ya zauna yana zikiri?

A'a. Talauci ba sa'ada ba ne, kuma ciyar da iyaye da iyali ta hanyar halal ibada ce babba. Tarihin magabata ma bai nuna gudun aiki ba. Gazali ya koma karantarwa a Naisabur a 1106, aiki iri ɗaya da wanda ya bari, niyya ce ta sake. Shehu Abdullahi Ɗan Fodiyo, ƙanen kakan Ɗan Tafa, ya taɓa barin rundunar jihadi a wajen 1807 saboda ya ga son duniya ya fara shiga zukatan mutane, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya isa Kano jama'a suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a. Ya tsaya, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, ya karantar da tafsiri, daga baya ya koma ya ɗauki nauyin Gwandu har rasuwarsa. Shi kansa Ɗan Tafa a tsakiyar gidan mulki aka haife shi, yana hulɗa da sarakunan zamaninsa, amma ba da sarauta ake tuna shi ba, da makaranta ne da alƙalami.

Malaman ɗariƙa sukan ce a riƙe duniya a hannu, kada a saka ta a zuciya. Ruwa a ƙarƙashin jirgi shi ke ɗauke da shi, in ya shiga ciki shi ke nutsar da shi. Don haka almajiri ya kai dosiyensa, ya yi shirin kwankur da gaske, ya fi kowa ƙwarewa a fanninsa. Abin da ake hana shi guda ne: kada ya rataya natsuwarsa a jikin allon da ake liƙa sunaye. In ya rataya ta can, ranar da bai ga sunansa ba zai ga kamar Allah ya manta da shi, ranar da ya gani kuma zai fara tsoron kada a tsige shi. A wannan tsoro ne cin hanci da fadanci da cin amanar abokin aiki ke samun ƙofa. Mai wadatar zuci shi ne ma'aikacin da ba a iya saye, domin abin da yake taƙama da shi ba a biro aka ba shi ba.

ABIN DA ALMAJIRI ZAI ƊAUKA

Hanyar Ɗan Tafa ta rubuta wa kai alkawari abu ne da kowane ɗan'uwa zai iya koyi da shi, bayan ya shawarci muƙaddaminsa. Ga huɗu da suka dace da ɗalibi.

Na ɗaya: ya gyara aƙidarsa da ibadarsa a gaban malami kafin ya yi nisa a karatun falsafa. Littattafan nan ƙanana da ake farawa da su a zaure, irin su Ƙawa'idi da Ahlari da Ishmawi da Risala, su ne turke. Wanda ya iya sharhin Dekart amma bai san abin da ke ɓata alwala ba, ya fara gini daga rufi.

Na biyu: ya yi karatun boko da zuciya ɗaya, ba tare da jin yana saɓon Allah ba. Ilimin taurari da na jikin mutum da na ƙasa duk duba ne cikin aikin Mahalicci. In ya haɗu da shubuhar da ta fi ƙarfinsa, kada ya ɓoye ta don kunya, ya kai ta ga malamin da ya san fannin. Shubuhar da aka rufe ita ke ruɓewa.

Na uku: ya kame bakinsa. Ba kowace magana ce ta fadar shayi ko ta WhatsApp ba. Jefa wa ƙaramin yaro tambayar da shi kansa bai iya amsawa ba zalunci ne, haka nan yaɗa zantukan manyan arifai a kan haƙiƙa ga wanda bai gama koyon tsarki ba. Ɗan Tafa ya fi shi sanin waɗannan abubuwa, ya kuma ɗauki alkawarin ba zai tallata su ba.

Na huɗu: kowane dare kafin barci ya tambayi kansa wa ya zauna kan kujera yau, zuciya ko mai karɓar haraji. Karatun da ya yi yau, don wa ya yi shi? In amsar ba ta yi daɗi ba, ya yi istigfari ya sabunta niyya, kada ya bar karatun. Gazali da girmansa sai da ya kai shekara 37 kafin ya yi wa kansa wannan tambaya da gaske. Wanda ya fara ta yana ɗan ashirin da ƴan kai ya samu rabo babba.

Gobe da safe gadar za ta sake cika. Cikin masu tsallakowa akwai wanda zai samu, akwai wanda za a ce wa ya dawo wata mai zuwa. Wanda ya fito daga gida bayan ya yi asuba cikin jam'i, ya kammala wuridinsa, ya san Wanda ke riƙe da arzikinsa, zai koma gida da abin da ya fito da shi ko an karɓi takardar ko ba a karɓa ba.

Allah ya jiƙan Shehu Abdulƙadir Ɗan Tafa da iyayensa da malamansa, ya saka wa Imam Gazali da alheri, ya ƙara wa Shehu Usmanu da Sidi Abdulƙadir Jilani yarda. Allah ya ba ɗalibai ilimi mai amfani da aiki na halal, ya sanya wa ƴan'uwa wadatar zuci, ya zaunar da Nijar da sauran ƙasashen Musulmi lafiya, ya sa a cika da imani, albarkar Annabi Muhammadu (S.A.W). Amin.